Fangali Na Ba Fangali: Audugar Ƙari a Famfas ɗin Manya

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho, ko mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ya yi hatsari ya ji rauni a laka, ya san rana ba ita ke ba da wahala ba. Dare ne. A ɗaura wa mara lafiya famfas bayan isha'i, a gyara masa shimfiɗa, kowa ya kwanta. Kafin kiran assalatu zanin gado ya jiƙe sharkaf, katifa ta sha, shi kuwa yana kwance cikin sanyi, kunya ta hana shi kira. Gari na wayewa mai jinya ta kama wanki, kuma abin haushin, idan ta kwance famfas ɗin sai ta tarar rabinsa a bushe yake ƙayau, bai ma san an yi fitsari ba.

Daga nan ake fara dabara, kuma dabarar gidajenmu kusan iri biyu ce. Ko a ɗaura famfas biyu, ɗaya kan ɗaya, ko a ɗauko audugar mata a cusa a ciki. Lissafin dai shi ne biyu ta fi ɗaya. Sai kuɗi ya ninku, yoyon kuma yana nan, wani lokaci ma ya fi na jiya. Dalilin hakan ba ya bukatar likita. Mai ban-ruwa a lambu zai faɗa maka shi yana tsaye da fartanya a kafaɗa.

Ka je Kadawa ko Kura lokacin noman rani, ko lambun albasa a Aliero ko Galmi. An yanka fili fangali-fangali, kowanne an kewaye shi da 'yar kunya. Inji na ruri a bakin ruwa, tiyo na tuttuɗowa. Mai ban-ruwa ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, laka har idon sawu, idonsa na kan fangalin da ke sha. Yana ganin ruwa ya rufe gindin shuka ya fara taɓa leɓen kunya, sai ya kai sara ɗaya, ya ɓalle baki, ruwan ya gangara fangali na gaba. Na farko ya riƙe abin da zai iya, ragowar ta wuce inda ake bukatarta. To a ce hira ta ɗauke masa hankali, bai buɗe bakin ba. Ruwa ba ya jiran kowa. Zai nemi inda kunya ta fi rauni ya haura, ya bi hanya, ya shiga gonar maƙwabci. Fangali na biyu yana nan kusa da shi, taku ɗaya, a bushe, ga kuma ruwa yana malala a banza.

Abin da ke faruwa cikin famfas biyu ke nan. Kowane famfas hawa-hawa aka yi shi. A sama akwai yadi mai laushi wanda ruwa ke ratsawa. Ƙarƙashinsa akwai siririyar shimfiɗa mai rarraba ruwan gaba da baya. A tsakiya akwai ɓargon itace da aka niƙe ya zama kamar auduga, an cakuɗa shi da wani farin gari mai shan ruwa. A can baya kuma leda ce, ko yadi mai leda a jikinsa, aikinta kada ɗigo ya fita. A gefe biyu na ciki akwai 'yan katangu masu roba da ke miƙewa su kama matse-matsi. Su ne kunyar fangalin. Idan ka ɗora famfas kan famfas, ledar na ciki ta rufe hanya ruf. Ya cika, fitsari ba shi da ta ƙasa, sai ya bi gefe. Gefen nan kuwa ya faɗa wajen katangar famfas na waje, wato kai tsaye cinya da zanin gado. Na waje bai sha komai ba, sai dai ya ƙara wa mara lafiya zafi da gumi. Audugar mata ma haka take: ita ma da ledarta a baya, ga kuma gam, kuma tun asali ba don fitsari aka yi ta ba. Jini yana zuwa kaɗan-kaɗan ne, da kauri. Fitsari kuwa tsinkakke ne, yana zuwa gaba ɗaya.

Audugar ƙari, wadda masu sayarwa ke ce wa busta, fangali ce da aka bar wa baki a buɗe. Kayan cikinta iri ɗaya ne da na famfas, bambancin abu ɗaya ne tak: ba ta da leda a baya. Ita ke fara karɓar fitsari, ta sha iya cikinta, idan ta ƙoshi ragowar ta ratsa ta ƙasa ta sauka cikin famfas ɗin, wanda har lokacin bai fara aiki ba. A nan ne biyu ke fin ɗaya. Ƙananan cikinsu ba su wuce su riƙe kofi guda ba, manyan kan haura rabin lita. Ba a sa ta a kamfai ita kaɗai, don ba abin da zai tare ruwan a ƙasa. Dole da famfas a bayanta.

Farin garin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne sirrin abin gaba ɗaya, kuma asalinsa ma daga noma ya fito. A shekarun 1960 masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka shiga neman abin da zai taimaka wa ƙasa ta riƙe danshi, har suka haɗa wani sinadari daga sitacin masara mai shan ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa. Kamfanin Sanyo Chemical na Japan ya fara yin irinsa don kasuwa a 1978, kuma cikin shekarun 1980 ya shiga famfas ɗin yara, shi ya sa famfas ya rage kauri. Na yanzu daga man fetur ake samo tushensa, sunansa sodiyam foliyakirilet. Ƙwayarsa kamar ta sukari take. Ruwa na taɓa ta sai ta kumbura ta zama kamar tsaki-tsakin kamu, ta kulle ruwan a ciki, ko an danna ba ta saki da sauƙi.

Amma gishiri na karya mata lago. Garin da zai sha tsabtataccen ruwa ninki ɗari biyu ko uku, idan aka ba shi ruwa mai gishiri irin na fitsari, ninki 30 zuwa 50 yake iyawa. Shi ya sa tallan da ake zuba ruwan gora a famfas a ɗaga shi sama ana murmushi ba ya gaya maka komai. Haka ma lambar da ke jikin leda, a ce yana riƙe lita biyu ko uku. Akwai ƙa'idar awo ta duniya, ISO 11948-1, wadda yawancin kamfanoni ke bi: a tsoma famfas ɗin gaba ɗayansa cikin ruwan gishiri minti 30, a ɗaga shi ya tsane minti 5, a auna. Wato tun daga kunnen gaba har na baya ya sha, kuma babu mutum mai kilo saba'in zaune a kansa. A jikin mutum kuwa fitsari wuri ɗaya yake sauka, nauyi na matse shi, kwanciya na karkatar da shi. Abin da famfas zai riƙe kafin ya fara yoyo bai kusa da wancan adadi ba. Lambar tana da amfani idan kana gwada wannan samfur da wancan, amma kada ka gina daren mara lafiyarka a kanta.

Sai maganar yawan ruwan da kuma gudunsa, abubuwa biyu ne daban. Mafitsarar babba kan riƙe mililita 400 zuwa 500, kusan ledar fiya-wata guda ke nan, kuma a yini da kwana mutum kan yi wajen lita ɗaya da rabi. Matashi jikinsa na rage yin fitsari da dare, saboda wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki mai ce wa ƙoda ta sassauta. Da tsufa wannan tsari yakan yi rauni. Ga kuma masu kumburin ƙafa: ruwan da ya taru a ƙafa da rana, da zarar an miƙe a gado sai ya koma jini, ƙoda ta tace shi. Tsoho na iya yin fiye da kashi ɗaya cikin uku na fitsarinsa duka tsakanin kwanciya da asuba. Famfas ɗin da ya wadatar da rana ba lallai ya kai safe ba, ba don jabu ba ne.

Gudun kuwa shi ne bambancin jigo da inji. Mai ban-ruwa da jigo guga-guga yake zubawa, ƙasa na sha a hankali, ba ta taɓa ambaliya. Inji kuwa yana iya cika fangali kafin ƙasa ta fara tsotsa. Mai ɗigon fitsari kaɗan-kaɗan jigo ne, kusan kowane famfas zai ishe shi. Wanda mafitsararsa ke sakin komai lokaci guda, rabin lita cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, shi ne inji. Farin garin nan kuma ba shi da hanzari, yana bukatar 'yan mintoci kafin ya kulle ruwa. Audugar ce ke fara tarewa ta riƙe masa. A ganina nan ne babban amfanin audugar ƙari yake, fiye ma da ƙarin mililitar da ake talla. Tana ƙara abin tarewa daidai inda ruwan ke faɗowa, ta rage masa ƙarfi, ta miƙa wa famfas a hankali.

Sa ta kuma yana da ƙa'ida, kuma yawancin waɗanda suka ce sun gwada ba ta yi ba, a nan suka kuskure. A buɗe famfas, a ninka shi biyu a tsaye kamar kwalekwale, a ɗan ja shi, don katangun gefe su miƙe. A kwantar da audugar ƙari a tsakanin katangun nan biyu, kada ta hau kansu, kada ta danne su, kada bakinta ya leƙo ta ƙafa ko ta ƙugu. Duk inda ta leƙo ta zama lagwani, za ta jawo danshi ta kai wa zane. Idan ta fi tsakanin faɗi, ba taka ba ce, nemi ƙarama. Namiji a matso da ita gaba, a kuma tabbatar gabansa na kallon ƙasa. Mace a tsakiya, idan kuma rigingine take kwana a ɗan ja ta baya. Mai kwanciya ta gefe ɗaya, musamman namiji, shi ne mai wahalar sha'ani, don ruwa na gangarawa kwiɓi inda famfas ba shi da auduga. Wasu kan gitta ta a gaba, ta karkata ɓangaren da yake kwanciya. Bayan an manna, a zagaya da yatsa ta matse-matsi a fito da bakin robar waje, a tabbatar ba inda ya naɗe ciki.

Kada kuma a ce tunda ɗaya ta yi, uku za su fi. Ka yi ta zuba ƙasa cikin fangali har ta yi daidai da kunya, me ya rage da zai tare ruwa? Tulin auduga na ɗaga famfas daga jiki, ya buɗe ƙofa a cinya. Kuskuren da ke tafiya tare da wannan shi ne sayen babban famfas. Za ka ji mai kemis na cewa, "Hajiya, ɗauki babban, ya fi ɗaukar fitsari." Ba haka ba ne. Girma na ƙugu ne, ƙarfin sha kuma daban ake rubuta shi, sau da yawa da alamar ɗigo-ɗigo. Tsohuwar da ciwo ya ramar, aka ɗaura mata na ƙato, ko audugar ƙari goma aka sa sai ta yi yoyo ta ƙafa. A sa tef ɗin tela a auna ƙugu da ɗuwawu, a bi wanda ya fi girma a cikinsu.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne mai. Don tausayi akan lafta wa mara lafiya basilin ko man kaɗanya, a bi da hoda. Man nan na komawa kan yadin sama ya toshe ƙofofinsa, kamar fangalin da laka ta yi wa ɓawo, ruwa ya zo ya zame ya wuce. Fata na bukatar kariya, gaskiya ne, amma shafa kaɗan ake yi, siriri, a bari ya shiga jiki. Man da ke da sinadarin zinki, irin wanda ake shafa wa jarirai, ya fi dacewa. Hoda kuwa a bar ta, tana dunƙulewa a lungun fata.

Yanzu ga inda nake da ja da masu talla. Suna sayar da audugar ƙari kamar lasisi ce ta a ɗaura wa mutum famfas a manta da shi. Kowane manomin albasa ya san ƙishirwa ba ita kaɗai ke kashe shuka ba. Ruwan da ya kwanta ya ƙi tafiya ya fi saurin ruɓar da ita. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami na halitta wanda ke kare ta. Idan fitsari ya daɗe a kanta, ƙwayoyin cuta na juya shi ya koma amoniya, wannan zarnin mai hawa ido, shi kuma ya karya tsamin. Fata ta jiƙa ta yi laushi, ta yi ja ko ta yi duhu fiye da kewayenta, ta fara saɓulewa. A baƙar fata ba a cika ganin jan ba, sai an duba da haske an taɓa an ji ɗumi. Ga wanda ba ya iya juyawa da kansa, daga nan zuwa gyambon kwanciya a ƙashin ɗuwawu ba nisa, gyambon nan kuwa yana cin watanni, yana kuma iya kisa. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ga zafi ga rashin wuta, kowane ƙarin hawa ƙarin gumi ne. Idan kuwa bayan gida ne, babu wata auduga da ke da magana: a canza nan take, ko ƙarfe nawa ne, don haɗuwar kashi da fitsari ita ta fi cin fata. Wanda ake juyawa duk bayan awa biyu ko uku saboda gyambo, audugar ƙari ba ta ɗauke wannan juyin ba.

To ina amfaninta? Barci, da farko. Tsohon da ake tasa sau uku a dare ana kwance shi ana ɗaurawa, gobe wuni zai yi a rikice, mai jinyar ma haka, kuma mai jinyar da ba ta barci ba ta daɗewa ba ta fara faɗa ba. Idan audugar ƙari ta mayar da tashi uku ya koma ɗaya, ta biya kuɗinta. Sai tafiya: motar Kano zuwa Abuja, ko layin asibiti da za a shiga tun safe ba a ga likita ba sai azahar, inda babu wurin da za a kwantar da babba a canza masa cikin sutura. Sai mutumin da ke kan ƙafafunsa, yana kasuwarsa, yana son ya je ɗaurin aure ko Juma'a ba tare da yana shafa bayan riga ba. Malaman fikihu sun daɗe da yin sassauci ga mai yoyon fitsarin da ba ya iya riƙewa, a tambaye su yadda hukuncin yake. Abin da ke hana irin waɗannan bayin Allah shiga sahu galibi tsoron a ga alama ne.

Akwai kuma hanyar tsimi. Tun da aka saki naira a 2023 kuɗin famfas ya yi tashin gwauron zabo, kuma iyalai da yawa ƙirga shi suke yi ɗaya-ɗaya. Audugar ƙari ta fi famfas araha. Da rana, idan ana kusa, ana iya zare ta tun ba ta ƙoshi ba, a goge jiki, a sa sabuwa, famfas ɗin ya ci gaba. Sharaɗin shi ne a duba da gaske: a taɓa cikinsa, a dubi layin nan na baya da ke canza launi idan ya jiƙa. In ya sha, ya tafi. Ko bai sha ba, kada ya wuce yini, don gumi ma datti ne. Na ga wata mai jinyar surukinta da ta ƙware a wannan. Takan ce, "Baba, a ɗan juya bango, zan gyara shimfiɗa," ba ta taɓa ambatar sunan abin ba. Ta rufa masa zane daga ƙirji zuwa gwiwa, ta ɓalle manne ɗaya, ta zare ta gaba zuwa baya, ta goge da ruwan ɗumi, ta dandanna da busasshen tsumma maimakon gurzawa, ta sa sabuwa ta mayar. Duka bai fi minti uku ba, tsohon na ta jan carbinsa.

Mutanen Japan sun mayar da wannan tsari ƙa'ida. Ƙasa ce da tsofaffi suka yi yawa har cinikin famfas ɗin manya ya wuce na jarirai, kuma a 2024 kamfanin Oji ya sanar zai daina yin na jarirai don kasuwar cikin gida ya koma kan na manya. A gidajen kula da tsofaffinsu abu biyu ake sawa, famfas na waje da auduga ta ciki, ana canza ta ciki sau da yawa, na waje sau ɗaya ko biyu a yini. Wani zai ce ai yawancin tasu ta ciki tana da leda a baya, ina maganar buɗaɗɗen baki? Haka ne, amma an yanka ta daidai tsakanin katangun famfas ɗin, kuma akwai ma'aikaci da ke zuwa kan lokaci ya cire ta kafin ta cika. Mai ban-ruwan yana tsaye a kan fangalinsa ke nan, yana kashe inji da kansa. Mai leda ta mai tsaro ce. Wadda za a bari ta kwana ba mai dubawa, dole ta zama mai wucewa.

Matsalarmu a nan ita ce samu. Famfas ɗin manya ya shiga kemis-kemis har na unguwa, audugar ƙari kuwa sai manyan shagunan magani ko masu sayarwa ta intanet, kuma sau da yawa abin da za a miƙo maka audugar yoyon fitsari ce mai leda. Juya bayanta ka duba. In kana shakka, gwada ɗaya a gida: narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa, ɗora audugar a kan faranti, ka riƙa zubawa a hankali a tsakiya, kofi bayan kofi. Mai wucewa idan ta ƙoshi za ka ɗaga ka ga farantin ya jiƙe ta ƙarƙashinta. Mai leda ƙasanta zai zauna a bushe, ruwan ya taru a sama ya zubo ta baki.

Inda ba a samu ba, mutane na ɗaukar famfas ɗin jarirai su yanke kunnuwan, su tsattsaga ledar baya da reza, su sa a ciki. Tunanin daidai ne, sun buɗe wa fangali baki. Aikin ne ba ya fita da kyau: in tsagar ta yi kaɗan ruwa ba ya wucewa da sauri, in ta yi zurfi garin ya zubo ya manne a fata, robar gefensa kuma na tattare shi ya dunƙule. Dabarar dare ɗaya ce, ba ta kullum ba. Tsohon tawul ko atamfa mai laushi da aka ninka ita ma tana wucar da ruwa, ba ta kuma cin kuɗi, sai dai ba ta kullewa. Mutum na motsawa ta matso masa abin da ta sha, fata ta kwana cikin danshi. In ita ce a hannu, a yi amfani da ita da rana, a canza da zarar ta jiƙe, a wanke da sabulu a shanya a rana sosai.

Wani lokacin kuma gyaran ba a fangali yake ba, a bakin inji yake. Amma ba ta hanyar hana mara lafiya ruwa ba, wanda shi ne abin da masu jinya da yawa ke yi a ɓoye. Ƙarancin ruwa na sa fitsari ya yi kauri ya yi zarni, ya ƙara tsokanar mafitsara, ya jawo ciwon sanyi da taurin bayan gida, a zafinmu kuma yana iya rikita tsoho ko ya taɓa masa ƙoda. A ba shi ruwansa cikakke, a dai tura yawancinsa safe da rana, a rage bayan magariba. Shayi da kofi da lemon kwalba mai sinadarin kafeyin a bar su da dare. Mai kumburin ƙafa ya miƙe bayan la'asar a ɗora ƙafafun kan filo, ruwan ya sauka tun ido biyu. Mai shan maganin sa fitsari irin furosemide, a tambayi likita lokacin da ya fi dacewa, don shan sa da yamma na nufin jiƙa gado. Kafin a kwanta a kai shi bayi ko a miƙa masa fo, ko ya ce ba ya ji.

Kuma kada famfas ya sa a manta da tambayar me ya kawo yoyon. Dattijon da ke ɗiga ba tsayawa, mararsa a kumbure, wataƙila furostet ce ta toshe hanya, mafitsara ta cika tana tumbatsa. Wannan robar fitsari da likita yake bukata, jinkiri na iya lalata ƙoda. Yawan fitsari da ƙishirwa na iya zama ciwon suga da ba a gano ba. Yoyon da ya fara farat ɗaya da zazzaɓi ko ruɗewa sau da yawa ciwon mafitsara ne, magani na 'yan kwanaki ya kawar da shi. Matar da ta fara yoyo dare da rana bayan doguwar naƙuda kuwa, ɗinki ake yi mata ta warke: akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina, da ta Laure a asibitin Murtala na Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi. Famfas da audugar ƙari su riƙe ta kafin ranar aiki, kada su zama dalilin da za a bar ta shekaru a ɗaki.

Audugar ƙarin da aka cire kuma a naɗe ta, a ƙulle a leda, a sa a shara mai murfi. Kada a jefa a masai na zamani, don garin nan ci gaba yake da kumbura duk inda ya sami ruwa, zai toshe bututu a kira mai gyara. A salga ma ba ya ruɓewa, cika ramin kawai yake yi, masu kwashewa su sha wahala. A kuma nisanta shi da awaki da kaji, waɗanda ba sa barin leda a juji.